Kayan Tarihi Ma Suna da Isnadi

 Daga nan Wamakko nake magana da ku.

Duk shekara idan lokacin cike takardun shiga jami'a ya zo, zancen da ake yi a zaurukanmu kusan iri ɗaya ne. Baba yana son likita, inna tana son lauya ko ma'aikacin banki, shi kuma yaro hankalinsa na kan kwamfuta. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, mazauninta na dindindin yana Dundaye, cikin ƙaramar hukumarmu, saboda haka kullum muna ganin ɗalibai suna kai da kawowa. To, tsayar da su ka tambaya, wa yake son ya karanci tarihin fasaha, ko ilimin kula da gidan adana kayan tarihi? Da wuya ka ga hannu a sama. Wani ma ce maka zai yi, ashe wannan ma karatu ne? Karatu ne kuwa, mai wuya, kuma a ganina duk faɗin ƙasar Hausa babu garin da ya kai Sakkwato buƙatarsa.

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Ɗauki tsohuwar babbar riga mai aska takwas, irin wadda kakanni suka bari a cikin adaka. Ni da kai tsohuwar riga za mu gani. Wanda ya yi wannan karatu kuwa zai shimfiɗa ta, ya auna faɗin kowane layin saƙa, ya murza zaren ya gane ko na hannu ne da mata suka kaɗa da mazari, ko na kanti ne da ya shigo daga baya. Zai duba zaren aikin wuya da na aljihu, ya ga tsamiya ce ta dajinmu, ko alharini ne da ya ƙetaro Sahara a bayan raƙumi daga Tarabulus. Zai lissafa hannuwan da rigar ta bi kafin ta hau jikin mai ita: mai kaɗi, masaƙi, marini, malamin da ya zana askar da alƙalami, maɗinkin da ya yi watanni a kanta, da mabugin da ya fito mata da ƙyalli. Daga riga guda sai ga labarin noma, da fatauci, da sarauta, domin a zamanin Daular Usmaniyya riga kyauta ce ta girmamawa da sarakuna ke yi, kuma ta wannan hanya salon ɗinkin ya zama ɗaya tun daga Sakkwato da Kano har Bida da Ilori. Wannan shi ne tarihin fasaha. Koyon karanta abin da hannu ya yi, kamar yadda ake koyon karanta abin da alƙalami ya rubuta.

Haka zancen yake ga fata. Fatar jar akuyarmu ta Sakkwato, wadda majema ke jemewa da bagaruwa, dukawa su rina da karan dafi, ta daɗe tana zuwa Turai, inda ake yi wa littattafai masu tsada bango da ita, a kuma kira ta fatar Maroko saboda ta arewacin Afirka take bi. Sunan wasu ya tafi da aikinmu. Mun san sunan Babban Gwani da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, mun san Ladi Kwali mai ginin tukwane, ga hotonta nan a bayan naira ashirin. Amma a cikinmu wa zai iya kawo sunan baduku ɗaya, ko maɗinki ɗaya, na zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello? Sun yi aiki na ban mamaki, aikin ya rage, sunayen sun tafi saboda ba wanda ya rubuta.

Wannan rubutawar ita ce zuciyar maganata ta yau, kuma mu mutanen Sakkwato bai kamata ta zama baƙuwa a wurinmu ba. A zauren malam, idan aka kawo hadisi, tambaya ta farko ita ce wa ya ruwaito, daga wa, shi kuma daga wa. Magana komai daɗinta, in ba ta da isnadi ba a gina hukunci a kanta. To kayan tarihi ma haka suke. Takobi ko tulu ko allo, idan ba a san inda aka same shi ba, da wanda ya mallake shi, da hannuwan da ya bi, ya zama abin kallo kawai, ba ya zama hujja. Shi ya sa a gidan tarihi na gaskiya, abin da ya fi daraja ba ya cikin akwatin gilashi, yana ofis. Babban kundin rajista ne, inda kowane abu yake da lambarsa, da ranar da ya shigo, da sunan wanda ya kawo shi, da wurin da ya fito, da awonsa, da hotonsa. Idan wannan kundi ya ɓata, gidan ya koma ɗakin tarkace ko da ba a taɓa komai a cikinsa ba.

Ku ji labari biyu, ku auna da kanku.

A watan Afrilun 2000, shugaban Faransa na lokacin, Jacques Chirac, ya buɗe wani sabon sashe a gidan tarihi na Louvre da ke Paris. Cikin abubuwan da aka baje akwai mutum-mutumi na gasasshen yumɓu daga Najeriya, daga cikin guda uku da Faransa ta samo. Biyu na al'adar Nok ne, na ukun kuwa an rubuta masa suna, Sakkwato. Daga hannun wani dillali a Beljiyam Faransa ta saye su, alhali dokar Najeriya ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana cinikin irin waɗannan kaya da fitar da su ba da izini ba. A shekarar 2000 ɗin ce kuma Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta fitar da jan jerin kayan Afirka da ake wawashewa, kuma yumɓun Nok da na Sakkwato da na Katsina suna ciki. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, har a 2002 aka daidaita: Faransa ta amsa cewa kayan na Najeriya ne, Najeriya kuma ta ba ta aronsu na shekara 25, da damar sabuntawa.

Waɗannan mutum-mutumi da ake kira na Sakkwato suna da kamanni nasu na daban: gira mai nauyi da ta sauko kan ido, fuska a murtuke, da yawa kuma da ɗan gemu. Masana suna kiyasta musu shekaru wajen dubu biyu. Suna nan a gidajen tarihi da ɗakunan attajirai a Turai da Amurka. Abin baƙin cikin shi ne, kusan dukkansu ta hannun masu haƙa a ɓoye suka fito, mutanen da talauci ya tura, dillali ya ba su ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Mai haƙar nan kai yake nema, don shi ake saye. Gawayin da ke gefensa, da fasassun tukwane, da ƙashin dabba, da zurfin ramin, duk ya watsar da su, kuma su ne za su gaya mana su waye mutanen, me suke ci, yaushe suka rayu, me ya tashe su. Ko yau aka dawo mana da kowane ɗaya daga cikinsu, wannan ilimin ba zai dawo ba. An yanke isnadin tun a bakin rami.

Labari na biyu daga Katsina yake. A Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani, akwai tuddai da aka daɗe ana cewa kaburburan sarakunan farko ne. An fara haƙa su a 1907. A 1992 masana suka sake haƙa wasu bisa ƙa'ida, suka ciro kayan tare da ƙasar da ke riƙe da su, daga baya aka kai su birnin Mainz na Jamus, inda ƙwararru suka ɗauki shekaru suna buɗe su sannu a hankali. Aka samu kayan ado na zinariya, da awarwaron hauren giwa, da wuri, da duwatsun ado, da kwanonin ƙarfe, har da wanda aikinsa na gabashin ƙasashen Larabawa ne. Saboda an san inda kowane abu ya kwanta, aka iya nuna cewa tun wajen ƙarni na 14 ƙasar Katsina na cikin harkar fataucin duniya. Kayan kuma suka dawo gida. Ƙasa ɗaya ce, da Katsina da Sakkwato. Bambancin kawai, a can wanda ya iya ne ya yi haƙar, ya kuma rubuta.

Na san akwai mai sauraro da ke cewa a ransa, Malam, wai gumaka kake so mu tara? Tambaya ce ta mutumin kirki mai kishin addininsa, ba zan yi mata dariya ba, hukunci kuma na malamai ne. Abin da zan ce kawai, wanda ya ajiye abu don a yi nazarinsa bai ajiye shi don a bauta masa ba. Masar, ƙasar Azhar, tana da gidan kayan Fir'aunoni a tsakiyar Alƙahira tun 1902. Saudiyya ta sa kufan Mada'in Salih a jerin wuraren tarihi na duniya a 2008, shekarar da Katar ta buɗe gidan fasahar Musulunci a Doha. Shi kansa Sarkin Musulmi Bello, a Infaƙul Maisuri da ya rubuta a 1812, bai fara da jihadi kai tsaye ba, sai da ya kawo bayanin ƙasashen wannan yanki da mutanensu. Ban da haka ma, mafi yawan abin da Sakkwato za ta ajiye ba mutum-mutumi ba ne. Rubutun hannu ne, da zayyanar Alƙur'ani, da gafaka, da sirdi, da sulke, da tambari, da ƙwarya mai zane, da tasoshin jeren ɗakin amarya.

Mu zo ga ajiyar kanta, domin nan ne aikin yake da wahala, nan ne kuma ake ganin amfanin wanda ya je makaranta. Yanayinmu ba ya tausayin tsohon abu. A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40. Da hunturu iska takan bushe ƙarau, fata ta tsattsage, takarda ta yi ƙarfi ta dinga karyewa a wurin ninki, ƙura ta shiga ko'ina. Da damina ta sauka sai laima ta cika ɗaki, takardar nan ta kumbura, fumfuna ta kama ta. Wannan hawa da sauka na kowace shekara shi ne ke kashe kaya, fiye da zafin kansa. Ga gara, wadda ke iya cinye buhun littattafai daga ƙasa, sama yana nan kamar lafiya lau. Ga kyankyaso da ɓera. Ga kuma ruwa. Mu da ke bakin gulbin Rima ba ma buƙatar a tuna mana ambaliyar watan Satumban 2010, wadda ta yanke hanyar jami'a ta cinye gidaje. Tawadar da aka haɗa da ƙaro, ruwa na taɓa ta take narkewa.

Sai dai wata ɓarnar da ƙauna ake yin ta. Mutum ya ga littafin kakansa ya yage, sai ya liƙe da salatif, bayan 'yan shekaru gam ɗin ya rine takardar, ya ɗaga rubutun. Wani ya kai a shafe masa takardar da leda mai zafi, ya hallaka ta yana zaton ya tsare ta. Wani ya ɗaure da roba, robar ta narke a jiki. Wani ya shafa wa tsohuwar gafaka man gyaɗa don ta yi laushi, ya gayyato ƙwari. Wani ya rataye rigar saƙi a inda rana ke dukanta don baƙi su gani, shunin ya koɗe. Wanda ya yi karatun adana kaya, abu na farko da ake koya masa shi ne kada ya yi wa abu gyaran da ba za a iya warwarewa ba. Kuma yawancin maganin ba mai tsada ba ne: a ɗaga kaya daga ƙasa, a nisanta su da bango, a sa su a kwalin da ba ya cin takarda, a rage haske, a riƙa dubawa a kai a kai. Tsohon ɗakin ƙasa mai kaurin bango, in rufinsa ba ya yoyo, yakan fi ɗakin siminti da kwano riƙe sanyi daidai, balle wanda ya dogara da na'urar sanyaya ɗaki da wuta ke ɗaukewa ana maidowa.

Akwai kuma daɗi a aikin. Ɗaga tsohuwar takardar malamanmu ka duba ta a haske, sau da yawa za ka ga tambarin jinjirin wata uku a cikin jikinta. Takarda ce da aka yi a arewacin Italiya, ta biyo ta Masar da Tarabulus ta iso nan. Da irin wannan tambari masani ke kintata shekarun littafin da ba a sa masa kwanan wata ba.

Ba daga sama muka fara ba, jama'a. Marigayi Waziri Junaidu, wanda aka haifa a 1906 ya rasu a 1997, ya riƙe taskar littattafan gidansu a unguwar Giɗaɗawa da amana irin ta malaman da. Daga wannan taska Murray Last ya sha kafin ya fitar da littafinsa kan Daular Sakkwato a 1967. A nan Jean Boyd ta samu rubuce-rubucen Nana Asma'u, waɗanda ita da Beverly Mack suka tattara suka buga a 1997, yau ake karanta su a jami'o'in duniya. Gida ɗaya ke nan da ya san darajar abin da ke hannunsa. Cibiyar Tarihi da Al'adu ta jiha tana ɗauke da sunan Waziri Junaidu, kuma ina roƙon duk malamin makarantar da ke saurarona ya kai ɗalibansa can ko sau ɗaya a shekara. Amma gidaje nawa ne a Wurno, da Gwandu, da Sifawa, da nan Wamakko, suke da buhunan takardu a ƙarƙashin gado, magada ba su iya karanta su ba, suna kuma tsoron nuna wa hukuma kada a karɓe? Wannan tsoron yana da dalili, kuma ma'aikacin da ya san aikinsa ba ƙwace yake yi ba. Zuwa yake har gida, ya share, ya lissafa, ya ɗauki hoton kowane shafi, ya bar wa masu abu abinsu da takardar shaida.

Baje kaya ga jama'a kuwa, nan na fi ganin rauninmu a gidajen tarihin Najeriya. Sai ka tarar da abu a cikin gilashi, da 'yar takarda da Turanci mai kalma biyu. Ɗauki malfa. In ka rubuta hular kaba kawai, yaro zai wuce abinsa. In kuwa ka gaya masa cewa irin wannan malfa, da jan rawani a naɗe, Nana Asma'u ke ɗora wa kowace jaji, wato matar da ke jagorantar 'Yan Taru daga ƙauyuka su zo ɗaukar karatu su koma su koyar, to ka ba yarinyar da ke kallo abin da za ta tafi da shi gida. Me zai hana bayanin ya zama da Hausa, boko da ajami, da Fulfulde inda ya dace? Me zai hana tsohuwar da ba ta karatu ta danna maɓalli ta ji bayani da murya? Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gane wannan. Gidan tarihi na Yamai, wanda aka kafa a 1959, yanzu yake ɗauke da sunan Bubu Hama, a cikin harabarsa dukawa da maƙera da masaƙa suke zaune suna aiki suna sayarwa. Kana ganin tsohon aiki a ɗaki, ka fito ka ga mai yin irinsa, ka tambaye shi, ka yi ciniki. Shi ya sa talakawa ke shiga da 'ya'yansu. Sakkwato da ke da majema da dukawa da ransu, ta fi kowa dacewa da wannan tsari.

Ɗana, ko 'yata, da ke saurare kuna tunanin abin da za ku karanta: hanyar tana nan. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai sashen zane da fasaha, wanda ɗalibansa suka kafa wata shahararriyar ƙungiyar masu zane a 1958, tun kafin makarantar ta zama jami'a, akwai kuma sashen nazarin kufai da kayan tarihi. A Jos, inda aka buɗe gidan tarihi tun 1952, akwai cibiyar horar da ma'aikatan gidajen tarihi da ta samo asali a 1963 da taimakon UNESCO, ta horar da mutane daga ƙasashen Afirka da dama. A Kaduna akwai Gidan Arewa. Ba zan yaudare ku ba, guraben aikin gwamnati a wannan fanni kaɗan ne, albashin ma ba na tara dukiya ba ne. Amma wanda ya tashi a Sakkwato yana da jarin da ɗan Landan ba shi da shi. Ya yi makarantar allo, yana karanta Larabci da ajami, yana jin Hausa, wataƙila da Fulfulde, ya san yadda ake sallama a zauren dattijo a zauna a ƙasa a jira. In ya ƙara da ilimin sinadarai kaɗan, da ɗaukar hoto, da rajista a kwamfuta, irinsa ake nema ido rufe a duk inda ake aikin tsofaffin rubuce-rubuce, daga Tumbuktu har manyan ɗakunan karatu na Turai.

Kuma ba sai ya yi nisa ba zai samu wurin gwaji. Ga Surame nan wajen Binji, birnin da Kanta na Kabi ya gina a ƙarni na 16, da ganuwarsa ta dutse. Tun 1964 gwamnati ta ayyana shi a matsayin wurin tarihi na ƙasa, tun 2007 kuma yake cikin jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO ta amince da su. Ga Alkalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808. Ga Degel, ga Gudu. Kowannensu ya ishi ɗalibi aikin digiri. Ina kira ga jami'armu ta Dundaye da ta duba yiwuwar kwas na musamman kan adana kayan tarihi da rubuce-rubuce, da haɗin gwiwar sassan Tarihi da Larabci da Harsunan Najeriya da Kimiyyar Sinadarai. Ina kira ga gwamnatin jiha, da Majalisar Sarkin Musulmi, da manyan kamfanonin da ke aiki a ƙasarmu irin na siminti da ke Kalambaina, su ɗauki nauyin yara ko da biyar ne a shekara.

Akwai dalilin gaggawa. Ƙofar dawo da kaya ta buɗe. A 2022 Jamus ta miƙa wa Najeriya mallakar kayan masarautar Benin sama da 1,000 da sojojin Ingila suka kwasa a 1897, a 2025 kuma Holan ta dawo da 119. Mutanen Benin sun samu haka ne saboda sun daɗe suna nema, suna kuma da masanan da suka san kowane abu da inda yake. Ban yarda da Baturen da ke cewa ba zai mayar da kayan wani ba sai ya ga ɗakin ajiyarsa, domin mai abu ba ya neman izinin riƙe abinsa. Amma tsakaninmu, ɗakin ajiyar wajibi ne, da mai tsaronsa. Aron mutum-mutumin nan uku na shekara 25 da aka bai wa Faransa zai cika a 2027. Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ce ke da ta cewa, ko a sabunta ko a karɓo, amma ɗaya daga cikin ukun nan sunan Sakkwato yake amsawa. Ya kamata gwamnatin jiha ta rubuta wa hukumar tun yanzu ta nemi a sa ta a cikin shawarar, ta kuma tanadi wanda zai zauna a teburin da ilimin da zai yi magana.